Fatoman Doha Ba Shi da Ɗaki

Shekara takwas ke nan ina kwana a saman Baballe. Gadonmu na ƙarfe ne mai hawa biyu, shi a ƙasa ni a sama, a wani ɗaki na mutum shida a unguwar Fereej Abdel Aziz. Ni sunana Dikko, mutumin Malumfashi, gadi nake yi a wani babban kanti. Shi kuma direba ne a wani kamfanin motocin haya. In ya juya na sani, in na yi tari ya sani. Saboda haka in za a yi maganar Baballe a Doha a bar ni in yi, domin likitoci da injiniyoyin da ke yabonsa a tsaye suka san shi da hularsa, ni kuwa da singileti na san shi.

Ɗan Dandume ne. Mahaifinsa fatoma ne a bakin kasuwar hatsi, wato mutumin da fatake ke sauka a gidansa, ya ba su ɗaki, ya nuna musu inda za su ci abinci mai tsabta, ya gaya musu wanda za su yi ciniki da shi su kwana lafiya. Tsohon ya rasu, gidan ya shiga rabon gado, Baballe ya yi tuƙin tanka na 'yan shekaru, daga nan hanya ta kawo shi nan. Shekararsa goma sha ɗaya a Doha. Duk bayan shekara biyu yake zuwa gida ya yi wata ɗaya ya dawo.

Abin da ya ja masa suna ya faro ne daga wani fasinja, Dakta Umar Faruq, likitan yara. Rannan Baballe ya ɗauko shi, likita yana ta tsaki a bayan mota yana latsa waya. Surukansa za su zo hutu su bakwai, gidansa ba zai ɗauke su ba, kuma duk otal ɗin da ya duba kuɗinsa ya fi ƙarfin hankali. Har ya nuna wa Baballe wani rubutu da Turawa suka yi a kan yadda iyali za su sami masauki mai araha da mashaya mai sauƙi a baƙon gari. Baballe ya ce, “Dakta, mu ai mashayarmu ta karak ce. Ka ba ni kwana biyu.” Karak shi ne shayin nan mai kauri da madara da ake miƙo wa mutum ta tagar mota a kowane lungu na garin nan. Kwana biyun ba su cika ba ya samo wa likita gida mai ɗaki biyu da kicin a Al-Sadd, a kan kusan rabin abin da yake shirin biya. Likita ya gaya wa injiniya, injiniya ya gaya wa malamin jami'a. Kafin shekara ta zagayo duk ɗan Arewan da iyalinsa za su zo sai ya nemi lambar Fatoman Doha.

Baballe bai yarda da hoton da masu masauki ke sa wa a waya ba. Ya ce a hoto kowane ɗaki fada ne. Da ƙafarsa yake zuwa. Ya buɗe famfo ya tara hannu, ya sansana labule ko an taɓa shan taba a ɗakin, ya ɗaga katifa, ya duba alƙibla kada a ba mutane ɗakin da sai an ture gado kafin a yi sujada. Kicin kuwa ba ya sassauci a kansa, domin ya ce matar Bahaushe za ta yi haƙuri da abincin waje kwana biyu, a na uku sai ta nemi tukunya. Ni da idona na ga ya ƙi wani gida mai kyau saboda tukwanensa duk marasa kauri ne, ya ce wa mai karɓar baƙi waɗannan ba za su jure muciya ba. Mutumin bai fahimce shi ba, shi ma bai damu ya fahimta ba. In otal yana da mashaya ko kiɗa a ƙasa, ko kyauta ne ba zai kai yaran mutane ba. Daga nan ya taka da ƙafa zuwa tashar jirgin metro mafi kusa, ya ga ko tsohuwa za ta iya.

Haka yake yi wa gidajen abinci. Ya san inda ke da ɓangaren iyali mai labule, inda mace za ta ci abinci a sake. Ya san inda faranti ɗaya na shinkafa da rago ke isar mutum biyar, da inda ba a harara in ka zaro ƙullin yajinka daga jaka. Kuma ba ya karɓar la'ada. Wani ya ba shi turare, wani shadda, wani addu'a kawai. Na sha yi masa faɗa a kan wannan. Ya ce mahaifinsa bai taɓa sayar da sauke baƙo ba, a kasuwa yake samun nasa, shi ma a mota yake samun nasa.

To, ga inda matsala take. Duk ɗakin da ya duba sai ya tsaya a tsakiyarsa ya ɗauki hoton kansa, don mai nema ya tabbata ya je da kansa. Wata rana ya tura wa matarsa Atine ɗaya daga cikin hotunan, wani falo mai labule ruwan ɗorawa, shi yana tsaye yana murmushi. Bai ce ɗakinsa ba ne, bai kuma ce ba nasa ba ne. Sai ga saƙon murya daga ƙaramar 'yarsa Jannat, tana cewa ɗakin Baba ya fi na kowa kyau, ta nuna wa ƙawayenta a Islamiyya. Ina sama ina ji ya saurari saƙon nan sau huɗu. Daga ranar bai ƙara kiran gida daga ɗakinmu ba, sai ya shiga mota ya rufe gilashi. Abin da ke kewaye da gadonsa kuwa wani tsohon zanin gado ne da ya koɗe har ba a gane launinsa, an ɗaure shi da wayar caja da ta mutu.

A haka aka yi shekara uku. Ba maƙaryaci ba ne, na rantse, ban taɓa kama shi da ƙarya a kan komai ba. Kunya ce ta riƙe masa baki. Mutumin da ya sauke iyalan rabin gari, ya ga ba zai iya gaya wa 'ya'yansa cewa duk abin da ya mallaka a Doha tsawon katifa ɗaya ne ba.

Bana Allah ya nufa Atine da yaran biyu, Bilqis mai shekara goma sha huɗu da Jannat mai bakwai, za su zo su yi kwana tara. Ya zaɓi watan Agusta, lokacin da zafi ke korar kowa, masu masauki suna neman baƙi ruwa a jallo. Mako uku yana yawo. Abin da yake gama wa likita a kwana biyu, nasa ya gagare shi, wannan lif ɗinsa na ƙara, wancan tagarsa na kallon bango. Ashe gidan nan mai labule ruwan ɗorawa yake jira ya samu, kuma ya samu.

Ana jibi za su iso, ranar ba ni da aiki, ya ce in taya shi ɗaukar kaya. Na ga ya haɗa rigunansa, da sallayarsa, da butar shayinsa, har da tsohon agogon bango na ɗakinmu. A mota na tambaye shi ina za mu da su. Ya ce zai zuba su ne a gidan.

Na ce, “Baballe, wato so kake a ce gidanka ne.”

Ya ce, “Kwana tara ne kawai, Dikko. Su zo su ga abin da suke tsammani, su koma da farin ciki, khalas, shi ke nan.”

“In kuma ta tambaya fa?”

“Ba za ta tambaya ba.”

Raina ya ɓaci, na faɗa masa ya ɓaci. Na ce ni ba zan tona shi ba, amma ba zan yi wa matar aure ƙarya ba in ta dube ni. A haka muka isa Al-Sadd. A gidan ya rataye riguna, ya kafa agogo, ya kashe hitar ruwan wanka. Wannan dabarar mazauna Doha ce. Da rani ruwan tankin saman bene tafasa yake yi da rana, famfon sanyi ya koma na zafi. Sai a kashe hita tun da wuri, ruwan da ke cikinta ya huce, ya zama shi ne mai sanyi. Bayan haka ya fito da sabuwar buta ya cika ta ya ajiye a bakin banɗaki, da sabon sabulu a takardarsa, da silifa uku a jere, da sabuwar tsintsiya a bayan ƙofa. Ya ja da baya ya duba, ya gyara zaman silifa ɗaya.

Suka iso lafiya. Kwana biyun farko ban gan su ba, sai labari. Da rana suna ɗaki cikin sanyin esi, in la'asar ta yi sanyi su fita. Ya kai su bakin teku, ya hau da su jirgin metro, Jannat ta ƙi yarda cewa babu direba a ciki har sai da aka kai ta gaba ta leƙa. Ya kai su wajen wani Bayamane mai shinkafa da rago a Bin Omran, Atine ta ce naman ya yi amma shinkafar tana neman yaji, ya ce ta fito da nata, nan ba a harara. Ya saya musu karak da fankasun Indiyawa. A rana ta uku, kamar yadda ya sha faɗa a kan matan mutane, Atine ta nemi tukunya. Ta ce a kira abokin nan nasa da yake yawan ambata ya zo ya ci tuwo.

Na je bayan la'asar tare da shi, ya ɗauko ni daga wajen aiki. Da muka isa ƙofar gidan sai ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya tsaya. Sai da Bilqis ta ce a shigo sannan ya murɗa. Ban kawo komai a raina ba. Muka gaisa da Atine, mace ce marar yawan magana, mai kallon mutum kai tsaye. Ta kawo tuwon masara da miyar kuka da man shanun da ta zo da shi daga gida. Ban san lokacin da na manta da kunya ba, na yi ƙari har sau biyu. Baballe kuwa yana zaune a gefen kujera, yana ta tambayar ko esi ya yi musu yawa, ko ruwan wanka ya yi daidai, ko akwai abin da suka rasa.

Da aka kwashe kwanuka Atine ta ce wa yaran su shiga ciki. Ta zauna a kan darduma ta ce, “Malam Dikko, ina kuke kwana?”

Na dubi Baballe. Shi kuma ya dubi agogonmu da ke bango.

Ya ce, “Wace irin tambaya ce wannan, Atine?”

Ta ce, “Baban Jannat, shekara biyar na yi a gidan Baba, mahaifinka, ina gyara ɗakin baƙi. Buta a cike a bakin ƙofa, sabon sabulu, tsintsiya a bayan ƙyaure, ni na san wannan jerin, da hannuna nake yin sa. Ranar da muka iso ka miƙo mini makulli da hannu biyu, ka ja baya ka ce mu shiga. Haka Baba yake yi wa fatake. Kwana uku ke nan kana tsayawa a ƙofa sai an ba ka izini. Wane mai gida ne yake jiran izini a ƙofarsa?”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta ce tun a hotuna ta so ta gane, domin ba ta taɓa ganin ko kofi ɗaya a kan teburin ba, ita kuwa ta san mijinta, inda ya sha shayi nan yake barin kofi. Ta yi shiru ne don ta ga yana so ta yi shiru.

Na ce, “Hajiya, mu shida ne a ɗaki. Shi a ƙasa, ni a samansa.”

Baballe ya sunkuyar da kai. Na tausaya masa ƙwarai, har na ji haushin bakina. Can ya ce, a hankali, ba don ita ya yi ba, don yaran ne. Jannat ta riga ta nuna wa ƙawayenta. Bilqis kuma ta girma, tana da wayo, ba ya so ta riƙa tuna ubanta a kan gadon kwana kamar ɗan makarantar kwana.

Atine ta ce, “Masaukin nan ya yi kyau, Allah ya saka da alheri, ba mu rasa komai ba. Amma ni ba baƙuwarka ba ce. Ka sauke mu kamar yadda kake sauke iyalan mutane, mun gode. Yanzu ka kai mu inda kake.”

Ɗakin maza ba wurin shigar mata ba ne, don haka sai da aka yi shiri. Na roƙi mai kula da ginin ya ba mu rabin sa'a ranar Juma'a da hantsi. Sauran 'yan ɗakin suka amince za su fita. Sayibu, mutumin Kumasi da ke gadon bakin taga, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya wanke ƙasa sau biyu, ya tura takalman mutum shida ƙarƙashin gado, ya turara ɗakin har ido na yaji. Ya so ya cire tsohon zanin Baballe ya sa nasa sabo, Baballe ya ce a bar shi, abin da aka zo gani ke nan. Sayibu ya ce, “Yalla, mu tafi, madam na zuwa,” ya kwashe sauran suka tafi shan karak.

Suka hawo bene. Wannan karon Baballe bai ƙwanƙwasa ba, ya tura ƙofa da kafaɗa kamar yadda ya saba, domin tana cijewa. Jannat ce ta fara shiga. Ta dubi gadajen nan uku masu hawa biyu ta tambaya wanne ne na Baba. Da aka nuna mata sai ta tambaya wa ke sama. Na ce ni ne. Ta ce, “Baba Dikko, ka fi Baba wayo,” ta kama ƙarfe ta haye. Zancen labule ruwan ɗorawa ko tuna shi ba ta yi ba.

Bilqis kuwa gadon ubanta ta nufa. Ta ɗaga tsohon zanin ta leƙa ciki. A ƙarƙashin gadona, daidai inda idon Baballe ke sauka in ya kwanta, ya manna hotunansu tun suna jarirai, da takardar sakamakon jarrabawarta ta aji shida, da wani zanen mota da Jannat ta yi. Yarinyar ta daɗe tana kallo. Baballe yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa, ni kuma na san abin da yake jira ke nan tun shekara uku. Ta juyo idonta ya yi ja ta ce, “Baba, duk kuɗin makarantarmu daga nan yake fitowa?” Ya ce daga mota yake fitowa, nan barci kawai ake yi. Ta ce, “To ni ka bar kirana daga mota. Nan nake so in riƙa ganinka.”

Atine ta zauna a bakin gadon ta danna katifar da tafin hannu. Ta taɓa zanin, ta taɓa wayar cajar da aka ɗaure shi da ita, ta girgiza kai. Sannan ta miƙe ta auna tsawon gadon da kamunta, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana motsa baki. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Rabin sa'a ta cika, muka sauka.

Sauran kwanakin sun fi na farko daɗi, in ji Baballe. Ya daina ƙwanƙwasa ƙofa, ya koma barin kofi inda ya sha, har aka yi masa faɗa. Da rana in zafi ya hana fita, Atine tana zaune da allura da zare. Atamfar da ta ɗinko musamman don yawon Doha, mai ganye kore, ita ta farke zaninta da ɗankwalinta ta haɗa, ta yi masa kalmasa da hannu, ta sa igiya ta gaske. Ranar tafiya ta miƙa masa sabon labulen gadonsa a filin jirgi a cikin leda, tare da makullin masaukin, ta ce ya mayar wa masu shi.

Har yanzu Baballe yana sauke iyalan mutane. Makon jiya ma ya samo wa wani malamin jami'a gida a Bin Omran, ya ƙi wasu biyu saboda tukwane. Hoton ɗakuna yana ɗauka, amma ya daina shiga cikinsu. Gida kuwa daga gado yake kira, bayan la'asar kafin ya koma aiki, ina sama ina jin Jannat tana tambaya ko Baba Dikko yana nan, in leƙo da kaina a gan ni.

Labulen ya gaza da kamar taƙi ɗaya, domin atamfar iyakarta ke nan. In ya miƙe, ƙafafunsa a waje suke. Na ce masa akwai tela a ƙasan gininmu, ya kai a ƙara masa wani ƙyalle. Ya ce kada wanda ya taɓa shi.